Amsa ga mai tambaya kan Windows da Linux Mint a diski biyu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, Windows tana kan SSD, ka sa Linux Mint a wani hadis daban, yanzu Windows ba ta fitowa a jerin GRUB, wato manhajar da ke ba ka zaɓin wanda za ka shiga in ka kunna, kuma in ka zare diskin Linux ɗin kwamfutar sai ta tsaya a baƙin allo da rubutun grub kawai. Kwantar da hankalinka, fayilolinka suna nan, kar ka yarda wani ya ce maka sai an yi fomatin.

Da farko ka duba ko su biyun a hanya ɗaya aka sa su. In ka kunna ka danna maɓallin zaɓen diski, F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, ka shiga Windows ka buɗe msinfo32 ka ga abin da ke gaban BIOS Mode, UEFI ne, wato sabuwar hanyar tashin kwamfuta, ko Legacy, tsohuwar hanya. A Linux kuma ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka buga ls /sys/firmware/efi, in folda ta fito to UEFI ce. Wannan na fi cin karo da shi a kwamfutoci na hannu da ake kawo min, mai gyara ya haɗa fulash da manhajar Rufus a MBR, tsohon tsarin raba diski, ya sa Windows a Legacy, kai kuma ka zo ka sa Linux a UEFI, to GRUB ɗin UEFI ba zai taɓa tayar da Windows ɗin Legacy ba ko ka kwana kana update-grub. Maganinsa mbr2gpt, umarnin da ke mayar da diski daga MBR zuwa GPT, tsarin da Windows ɗin UEFI ke buƙata, yana cikin Windows 10 tun sigar 1703, amma ka kwashe kayanka tukuna.

In duk UEFI ne, to abin da nake zargi shi ne wannan: shirin da ke sa Mint ɗin yana da wata tsohuwar ɗabi'a, ko ka nuna masa diski na biyu sai ya je ya ajiye GRUB a fatishan ɗin EFI na farko da ya gani, wato na Windows; fatishan ɗin EFI shi ne ɗan sashen diski da ake ajiye fayilolin tashi. Shi kenan rabin GRUB na kan SSD, rabin na kan hadis, ka zare ɗaya dole ya rasa ɗan'uwansa. Ka buga lsblk -f ka ga inda /boot/efi take, za ka gane da idonka.

Ni ra'ayina kowane diski ya samu nasa EFI, ko wanne ya iya tashi shi kaɗai, ita ce kawai hanyar da na ga tana ɗorewa. Ka tashi da fulash ɗin Mint, ka buɗe GParted, manhajar raba diski, ka ɗan rage fatishan ɗin Linux, ka yanki kamar 512MB ka yi masa FAT32 da alamar boot da esp. Ka koma cikin Mint, blkid zai ba ka UUID ɗinsa, wato lambar shaidar fatishan ɗin, ka sauya layin /boot/efi a /etc/fstab, ka sauke tsohon fatishan ɗin daga /boot/efi ka ɗora sabon, sannan sudo grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi da sudo update-grub. In kuma ba ka da wani abu mai muhimmanci a Mint ɗin gaskiya ya fi sauƙi ka zare SSD ɗin Windows gaba ɗaya ka sake sa Mint, ka gama ka mayar.

Batun Windows da ba ta fitowa a jeri, tun GRUB 2.06 da ya fito 2021 aka kashe os-prober, mai nemo wa GRUB sauran tsarukan da ke kan kwamfutar irin Windows, daga tushe. Ka buɗe /etc/default/grub ka ƙara GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, ka sake update-grub, ka kalli rubutun da ke wucewa, ya kamata ka ga Found Windows Boot Manager. Ka kashe Fast Startup a Windows ma, don da shi Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana riƙe da diskin ne.

Don Allah kafin ka taɓa Secure Boot, saitin tsaron tashin kwamfuta, ko jerin tashi ka tabbata ko BitLocker, mai kulle diskin Windows, a kunne take, in haka ne ka rubuta lambobi 48 na buɗe ta a takarda, suna cikin asusunka na Microsoft in da shi ka shiga. Na ga wanda aikin digirinsa ya kulle a haka, bai ma san tana kunne ba.

Wani abu kuma, in ka gyara komai amma duk sanda aka ɗauke wuta ko batir ya mutu sai kwamfutar ta koma Windows kai tsaye kuma agogo ya rikice, ɗan batirin CR2032 na kan allon uwa ne ya ƙare, ka sauya shi. efibootmgr -v zai nuna maka jerin, efibootmgr -o ka sa na Mint a gaba, shi sunansa ubuntu yake fitowa a can kar ya ruɗe ka.

Ka turo mana abin da lsblk -f da efibootmgr -v suka nuna da irin kwamfutar taka, sai mu ga wanne ne a ciki.