Amsa: Na gyara fayil ɗin nginx, apt ya share mini gyaran

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka girka nginx, manhajar sabar yanar gizo, da apt, mai girka fakitoci a Ubuntu, ka buɗe nginx.service, fayil ɗin da systemd (mai tayar da manhajoji) ke bi wajen tayar da shi, da ke /lib/systemd/system ka ƙara yawan fayilolin da zai iya buɗewa, da sabon fakiti ya sauko sai gyaran ya ɓace, shi ne kake shawarar haɗa naka daga tushe ka ajiye a /opt. Dakata tukuna.

Apt bai cuce ka ba, gonar wani ka shiga ka yi shuka. Abin da fakiti ya zuba a /lib da /usr nasa ne, duk ranar da aka sabunta shi zai shimfiɗa nasa ba tare da ya tambaye ka ba. Naka wurin shi ne /etc. Rubuta sudo systemctl edit nginx, zai buɗe maka override.conf a cikin /etc/systemd/system/nginx.service.d. A filin da ya bar maka tsakanin layukan da suka fara da ###, sa [Service] a layin farko, LimitNOFILE=65536 a na biyu, ka adana, ka sake tayar da nginx. Wannan ɗan fayil ɗin ba mai taɓa shi. Tarko ɗaya ne a nan: in ExecStart, layin umarnin da ke tayar da nginx, za ka canza, sai ka fara rubuta ExecStart= babu komai a gabansa, sannan sabon a layi na gaba, in ba haka ba systemd zai ƙi, ya ce an ba shi umarni biyu.

Maganar /opt kuwa, na bi hanyar nan, na san ƙayar da ke cikinta. Shekarun baya a wani wurin da na yi aiki, na haɗa nginx da hannuna ina jin ni gwani ne. Wata uku lafiya lau. Wani dare aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, batir ya ƙare. Da wuta ta dawo sabar ta tashi, MySQL da na girka da apt ya tashi, nginx ɗina yana kwance abinsa, don ban taɓa rubuta masa abin da zai tayar da shi ba. Da asuba waya ta tashe ni. Bayan 'yan watanni kuma access.log ya cinye faifan kaf, saboda ban sa masa logrotate, mai rage tsofaffin fayilolin log, ba. Fakitin Ubuntu yana zuwa da waɗannan duka: aiki da asusun www-data, /etc/logrotate.d/nginx, tashi da kansa, ga gyaran tsaro da unattended-upgrades, mai sabunta fakitoci da kansa, ke saukowa da shi kana barci. Ba ka sanin yana yi maka wannan wahalar sai ranar da ka sallame shi.

Ko a cikin /etc ɗin ma ban cika taɓa nginx.conf ba. In ka gyara shi kuma sabon fakiti ya zo da nasa canjin, dpkg, wanda apt ke sa ya shimfiɗa fakiti, zai tsaya ya tambaye ka wanne za a riƙe. Ka zaɓi naka, ya ajiye nasa da .dpkg-dist a ƙarshen suna, kuma ka faɗi gaskiya, wa ke komawa ya karanta shi? Gara ka zuba naka a conf.d ko sites-available. 

Akwai lokacin da fakitin ba zai ishe ka ba, misali kana buƙatar sabon fitowa da Ubuntu ba ta kawo ba. To ka fara duba ma'ajiyar nginx.org, ita ma da apt ake girkawa. Sai dai ka sani tsarinsu daban ne: babu sites-available, conf.d kaɗai, asusun kuma nginx ne ba www-data ba, don haka ka duba izinin fayilolinka kafin ka ƙaura. Abin da ba na so shi ne rabi da rabi, fakiti na Ubuntu amma an danne masa fayiloli da hannu, wanda zai gaje ka ba zai san ina aka dosa ba.

Yi gyaran, sannan ka turo mana abin da systemctl cat nginx ya nuna maka, mu gani ko override ɗin ya hau.