Makomar iyalan Sarki Dariyus a hannun Iskandar

Ka yi tambaya, ɗan'uwa, kan abin da ya faru da matan gidan sarautar Farisa da aka kama a yaƙi, da kuma ko an mayar da su bayi. Misalin da tarihi ya fi adanawa shi ne na yaƙin Issus a shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Sarki Dariyus na Uku ya tsere daga fagen fama ya bar mahaifiyarsa Sisigambis, da matarsa Statira, da 'ya'yansa mata biyu a sansani.

Iskandar, sarkin Makadoniya wanda ya ci yaƙin, bai bautar da su ba, ya bar musu barorinsu da darajarsu. An ruwaito cewa da ya shiga tantinsu tare da amininsa Hefastiyon, Sisigambis ta faɗi gaban Hefastiyon tana zaton shi ne Iskandar saboda ya fi tsayi, amma Iskandar ya kwantar mata da hankali. Sai dai a ganina siyasa ta fi tausayi yawa a wannan karamcin, domin da Dariyus ya yi tayin fansarsu da dukiya mai ɗimbin yawa Iskandar ya ƙi, kasancewar riƙe su na ƙarfafa da'awarsa ta gadon sarautar.

Statira ta rasu tana tsare a wurin Iskandar. A shekara ta 324, a birnin Susa, Iskandar ya auri babbar 'yar Dariyus, Hefastiyon kuma ya auri ƙanwarta Diripetis. Bayan mutuwar Iskandar a 323, marubutan dā sun ce Sisigambis ta ƙaurace wa abinci har ta mutu, Roksana kuma, wata matar Iskandar, ta sa aka kashe kishiyarta, wato babbar 'yar Dariyus.