Altaneta na tsohuwar Datsun 240Z

Malam, ka ce batir ya ƙi yin caji a motarka Datsun 240Z, kana tambaya ko za ka iya canja altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, da kanka a gida. Sosai ma. Injin motar a sake yake, hannu na shiga ko'ina.

Amma kafin ka kashe kuɗi a kasuwar kayan mota ta Apo, Abuja, ɗora mitar auna volt a kan batir, inji na aiki. In ka ga volt 13.8 zuwa 14.5, altaneta lafiyarsa lau. In ba ka ga haka ba, ka sani 240Z regileta ɗinta, wato mai daidaita wutar caji, a waje yake, akwati ne daban a jikin bodi, sau da yawa shi ne mai laifin. In ka sayo sabon altaneta mai regileta a ciki, dole a gyara wayarin. Ni na taɓa ɗaurawa haka kawai, na kashe makulli mota ta ƙi mutuwa!

Fara cire kan batir na nagetif. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka. Sassauta notin sama, tura altaneta ciki, fambel zai fita.

Wajen ɗaurewa kada ka ja bel kamar ganga, boris zai ci. In ka danna da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1.