Ba a zaman makoki sai an ga shaida

Amaryata, saƙonki ya iso, har da hotunan nan biyu. Sai da na sa tabarau, ƙaninki ya buɗe mini su da yatsa, kafin na gane ɗigon da kike nufi. Kin ce tunda Turawa sun yi wata da watanni suna kasa kunne ga na'urar da sanyi ya kashe a duniyar Mars, ba su sallama ba sai da suka ga hotonta, ko su ma suna bin al'adarmu ne ta ƙin zaman makokin wanda ya ɓace sai an ga shaida? Kuma wai me ya sa muke yin haka, ba wahalar da kai ba ne? Na yi dariya har kakarki ta leƙo. Amma ƙarshen tambayar bai ba ni dariya ba.

Labarin na'urar nan na bi shi tun farkonsa, kin san tsohon malamin labarin ƙasa ba ya rabo da karambani. Phoenix sunanta. Hukumar NASA ta Amurka ta harba ta a watan Agusta na 2007, ta sauka ranar 25 ga Mayu, 2008, can arewacin Mars kusa da ƙuryar ƙanƙara. Ba ta da taya, inda ta sauka nan ta zauna, da hannu ɗaya na tono da faifan sola biyu, dama da hagu. Ta tona ƙasa ta ci karo da wani farin abu, bayan 'yan kwanaki aka ga gutsattsarinsa sun ɓace, daga baya gwaji ya tabbatar ƙanƙarar ruwa ce. Aikin wata uku aka tsara mata, ta yi fiye da biyar. Da rana ta fara ja da baya, wuta ta ƙare mata, ranar 2 ga Nuwamba, 2008 aka ji ɗuriyarta ta ƙarshe.

Hunturun can ba irin namu ba ne da za ki shafa man kaɗanya ki ja bargo. Shekarar Mars kwana 687 ce, don haka kowane yanayi ya kusa ninka namu tsawo. A inda Phoenix take, rana kan daina fitowa ɗungurungum na wani lokaci, sanyi ya kai inda ita kanta iskar, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, take daskarewa ta kwanta a ƙasa. Masu ita sun san ba a ƙera ta don ta jure wannan ba. Duk da haka sun saka mata wani tsari, in har rana ta dawo ta sami 'yar wuta, ta yi ƙoƙarin kira gida.

Bari in kai ki gidanmu tukuna. Ina yaro, ban isa riƙe garma ba, ƙanen mahaifina ya tafi Makka a ƙasa, yadda ake yi a da. A bi ta Barno, a ratsa Cadi, a shiga Sudan, a tsaya aikin auduga a tara guzuri, sannan a nufi bakin Bahar Maliya. Wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna can, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Da farko mukan sami saƙonsa a bakin masu dawowa, daga baya shiru.

Wata safiya da hunturu, ƙura ta rufe gari har ba a ganin kan rimin ƙofar gidanmu, sai ga wani baƙon alhaji ya yi sallama. Ƙafafunsa duk kaushi, leɓensa ya tsage. Kakana yana zaure a kan buzunsa, ya lulluɓa da gwado, ga kaskon wuta a gabansa. Ni aka aika na kawo ruwa da ƙwaryar fura, na maƙale a bakin ƙofa ban koma ba. Bayan doguwar gaisuwa baƙon ya sa hannu a zabira ya fito da wuƙa cikin kube ja, ya ajiye gaban tsohon, ya ce sai haƙuri, ɗanka ya riga mu gidan gaskiya. Na san wuƙar, da ita Baffa yake fere mana rake. Wata yarinya da ta ji ta ruga ciki, nan da nan kuka ya ɓarke.

Tsohon nan ko gezau. Ya ɗauki wuƙar, ya zare, ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya mayar. Ya ce da ni, je ka ce su yi mini shiru. Da na dawo na tarar yana yi wa baƙon tambaya a hankali, kamar ba ɗansa ake magana a kai ba. Ka gan shi yana jinya? A'a. Kana cikin waɗanda suka sallace shi? A'a. To wa ya ba ka wuƙar? Ya ce wani ne a zango, shi ma a hannun wani ya karɓa. Kakana ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, ya ce Allah ya saka da alheri, ka sauke amana. Bayan ya tafi ya dubi mahaifina ya ce, “Wuƙar nan ta gaya mana ya bi ta can. Ba ta gaya mana ya kwanta ba. Mai jin yunwa yakan sayar da wuƙarsa.” Ranar ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, ba a taɓa rumbunsa ba, gonarsa kuma mahaifina ya ci gaba da noma ta da sunansa.

Sai bayan wasu shekaru wani dattijo ya zo, ya ce da hannunsa ya yi masa wanka. Kakana ya ce, me ka gani a jikinsa? Ya ce akwai tsohon tabo a bayan gwiwarsa ta hagu, a lanƙwashe. Lauje ne ya yanke shi yana yaro, kuma wuri ne da wando ke rufewa. A nan ne na ga tsohon ya sunkuyar da kai ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya ce a buɗe zaure.

Yanzu koma kan hotunanki. Akwai wani kumbo mai kewaya Mars, da kyamara a jikinsa mai suna HiRISE, wadda Jami'ar Arizona ke kula da ita. Daga nisan kusan kilomita 300 takan iya nuna abin da bai wuce mita guda ba. Ita ce ma ta ɗauki Phoenix tana saukowa da lema. A watannin Yuli da Agusta na 2009, da haske ya fara dawowa, ta sake duba wurin, aka hango na'urar da ƙyar cikin farin ƙanƙara. Ganin nan bai raba gardama ba, ya nuna tana nan ne kawai. Sai aka sa wani kumbon, Odyssey, ya riƙa wucewa ta samanta yana saurare, a Janairu, Fabrairu, Afrilu da Mayu na 2010, fiye da sau 200. Ko tari ba ta yi ba.

Abin da ya yanke magana inuwa ce. A Mayun 2010 aka ɗauki sabon hoto da rana a kusan matsayin da take a hoton 2008, aka jera su. A na 2008 ga faifan sola biyu sarai. A sabon kuwa na'urar ta ƙanƙance, inuwar faifan yamma babu ita. Da ma an yi lissafin nauyin ƙanƙarar da za ta taru a kansu zai iya lanƙwasa su ko ya karya. Da ba su san yadda inuwarta take tun tana lafiya ba, da sun kalli hoton ba su ga komai ba. Ranar 24 ga Mayu, 2010 suka sanar an rufe babinta.

Ku kuwa yanzu, mutum ya yi hatsari a hanyar Kaduna, kafin a kai shi asibiti hotonsa ya zaga WhatsApp da “Allah ya jiƙan rai”. Uwa ta ji mutuwar ɗanta a wayar maƙwabciya. Wani ma yana raye yake karanta ta'aziyyar kansa. Mahaifina kan ce mai kai labarin mutuwa da ƙafa yake zuwa, ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya buɗe baki. Gani ya kori ji, amma ba kowane gani ba, sai na wanda ya san abin tun da.

Batun wahala kuma, ba zan ce miki babu ba. Matar Baffa ce ta sha ta. Shekarun ƙuruciyarta suka tafi tana tsakanin aure da zawarci, kullum ta ji sallamar baƙo sai ta saki taɓarya. Shari'a ba ta ce ta zauna har abada ba. A mazhabarmu ta Malikiyya tana iya kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Kunya ce ta hana ta, kuma babu wanda ya ce mata je ki. Wannan kam manyanmu ba su kyauta mata ba. Rabon gado kuwa hukuncinsa daban ne, wannan ki tambayi malamin Islamiyyarku, kada ki ce ni na ba ki fatawa.

Su ma masu kumbon ba kullum suke dacewa da wuri ba. Wata na'urar Ingila, Beagle 2, ta ɓace ranar Kirsimeti ta 2003, ba a gano ta ba sai a Janairun 2015, ita ma a hotunan HiRISE, ta sauka lafiya amma faifan solarta ba su gama buɗewa ba. Shugaban aikin, Colin Pillinger, ya rasu a 2014 bai ji labari ba.

In kin zo hutu ki zauna da kakarki, ita ta san matar Baffa a tsufanta, kuma ta fi ni sanin abin da ta ce game da shekarun nan. Ki taho mini da batirin rediyo, manya, na wancan karon ba su yi ƙarko ba.