Tambaya da Amsa: An gayyace ni ziyarar wurin yada zango a wani ƙauyen Japan

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Yaya. Ni malamin gona ne daga Kura, ina kwas na noman shinkafa a Tsukuba da ke Japan. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ce ranar Asabar zai kai ni wani wuri a ƙauyen Kawaba da suke kira michi-no-eki. Da na nemi bayani sai ya ce wurin hutawar matafiya ne a bakin hanya. Kaina ya ɗaure. Mutum zai kwashe sa'o'i a mota don kawai ya ga inda direbobi ke tsayawa? Kuma idan na je, me zan ci, ina zan yi sallah? Daga ƙaninka, M. S.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka amsa gayyatar nan, kada ka yi wata-wata. Na san abin da ya zo maka a rai: irin zangon da motocin haya ke yi tsakanin Kano da Abuja, a ci shinkafa da miya a gurguje, direba na danna oda. To, wannan daban ne.

Ma'anar sunan ita ce "tashar hanya". Gwamnatin Japan ta fara yi musu rajista a 1993 da guda 103, yau sun haura 1,200. Sharaɗin samun sunan shi ne a tanadi wurin ajiye mota da banɗaki kyauta, a buɗe dare da rana, da wurin samun bayanin hanya, sannan tashar ta amfani mutanen garin da take ciki. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar abin. Yawanci ƙaramar hukuma ce ke gina tashar, manoman yankin kuma su ne masu kayan da ke cikinta.

Kawaba tana lardin Gunma, a gindin dutsen Hotaka mai tsayin mita 2,158, mutanenta dubu uku da 'yan kai. Tashar tasu, Kawaba Denen Plaza, tana cikin waɗanda suka fi suna a ƙasar, har mutanen Tokyo kan yi takakkiya dominta. Na je wurin a watan Oktoba, an fara girbi, gonaki sun yi ruwan zinari, sanyi na saukowa daga dutse. Amma abin da ya tsayar da ni ba dutsen ba ne. Rumfar kayan gona ce. Kowace ledar kabeji, kowane ƙullin albasa, akwai 'yar takarda a manne da sunan manomin da ya noma shi da farashin da shi da kansa ya yanka. Da sassafe yake kawo kayansa ya jera, babu ɗan tsakiya, babu dillali. Na ga wata tsohuwa da ta ranƙwafa da shekaru tana gyara jerin tuffa ɗinta, tana juya kowanne don jan gefen ya fuskanci mai saye. Na daɗe ina kallonta, ina tuna kwandunan tumatir da ke ruɓewa a bakin titi a Kadawa lokacin da kaya suka yi yawa. Kai da ka zo koyon noma, wannan darasi ne da ba lallai a koya maka a aji ba. Ka tambayi abokinka kason da tashar ke cira daga cinikin manomi, da yadda ake yi da abin da ya yi kwantai. Ka kuma sayi ƙaramar jakar shinkafarsu mai suna Yukihotaka ka dafa da kanka.

Ku yi sammako. Kayan gona masu kyau kan ƙare kafin azahar, shagunan kuma suna rufewa da yamma lis, banɗaki da filin mota ne kawai ke kwana a buɗe.

Batun abinci, a nan ne za ka buɗe ido. Wurin yana da masana'antar tsiran Turawa da ta giya, kuma tsiran na naman alade ne, komai ƙamshinsa ka wuce. Ka haddace alamomi biyu a jikin kwali: 豚 alade ke nan, 酒 kuma giya. Wani abin kiyayewa, a yarensu "buta" sunan alade ne, saboda haka kada ka tambayi kowa buta idan za ka yi alwala, gorar ruwanka ta ishe ka. Romon taliyarsu sau da yawa akwai alade ko mirin, wata giyar girki, don haka ni ban taɓa shi ba. Abin da na ci hankali kwance shi ne tuffa, da gasasshen dankalin Hausa, da madararsu mai kauri ta sha wadda garin ya yi suna a kanta, tana kama da kindirmon da aka kaɗa sosai.

Masallaci kam kada ka sa rai. Ka tafi da dardumarka, ka nemi gefen fili mai ciyawa inda ba ka tare wa kowa hanya ba, ka gaya wa abokinka tun a mota don kada ya ruɗe. Ka tuna alƙibla a can yamma take, ka ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar a gida. Banɗakunan suna da tsabta matuƙa, da yawansu kuma da madannin fesa ruwa, tsarki ba zai ba ka wahala ba.

Ka riƙe leda a jaka don shararka, domin ba ko'ina ake samun kwandon shara ba, kowa da tasa yake komawa gida. Ka ɗauki tsabar kuɗi, da rigar sanyi mai kauri fiye da wadda kake sawa a Tsukuba. Kafin ku fito, ka leƙa wurin bayanai: kowace tasha tana da hatiminta na musamman da baƙi ke bugawa a littafi, kyauta ne. Idan ka dawo Kura, ina so ka rubuto mini abin da suka ce maka game da kason manomi.