Naɗar muryar wanda ake bi bashi ba da saninsa ba

Tambaya: Malam, ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Na ranta wa abokina da ke Philadelphia dala 4,000, ba takarda ba shaida. A gaban mutane yana musu, amma a waya sai ya ce in yi haƙuri zai biya. Ya halatta in naɗi muryarsa bai sani ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya fitar maka da haƙƙinka. Wannan ba ya cikin leƙen asirin da aka haramta, tunda da kai ake maganar. Imam Malik ma ya karɓi shaidar wanda aka ɓoye domin ya ji iƙirarin mai musu, muddin ba a yaudari mai musun ko tsorata shi ba.

Abin da ya sauya hukuncin shi ne Philadelphia, wadda ke jihar Pennsylvania. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 da ta jihar New York sun wadatu da yardar mutum ɗaya cikin masu magana. Pennsylvania kuwa, kamar California da Florida, sai kowa ya yarda, kuma saɓa wa wannan a Pennsylvania laifi ne da zai iya kai ɗaurin shekara 7. Kada zamanka a New York ya ruɗe ka: a 2006 kotun ƙolin California ta ɗora dokarta a kan kiran mazauna California da aka naɗa daga jihar Georgia. Don haka kada ka naɗa.

Za a ce maka dokar waɗanda ba Musulmi ba ba ta hau kanka ba. Ban yarda da wannan ba. Bisa alkawarin bin dokarsu ka shiga ƙasar. Ƙuraishawa sun saki Huzaifa da mahaifinsa a kan ba za su yaƙe su ba, Annabi (SAW) kuma ya mayar da su daga Badar, alhali ana ƙarancin mayaƙa, domin a cika alkawarin. To, ina ga dala 4,000? Balle wannan doka sirrin mutane take karewa, abin da shari'a ta riga ta kira amana.

Ka rubuta masa saƙo ka ambaci adadin kuɗin. Amsarsa hujja ce. Ko ka je da dattawa biyu na masallacinku. Duk abin da ka samu, kada ya shiga zaurukan WhatsApp na 'yan garinku, domin yana da iyali. Gaba kuma ka rubuta bashi, ko da ɗan'uwanka na jini ne.

Wallahu a'alam.