Amsa ga 'yar uwar da aka ce muryarta ba ta dace da Kilingon ba

'Yar uwa, kin ce kin yi wata biyar kina koyon Kilingon, ƙirƙirarren harshen mayaƙan Kilingon na fina-finan Star Trek, a manhajar Duolingo domin ki rera waƙa da shi, sai aka ce miki harshen maƙogwaron maza ne, ki tsaya a amshi. Wallahi da na karanta sai da na ajiye waya, domin kalmomin da aka faɗa mini ke nan.

Mu bakwai ne muke haɗuwa ta intanet duk daren Asabar, ni kaɗai ce mace. Ni na zauna da ƙamus ɗin Marc Okrand, wanda ya tsara harshen, na 1985 na tsara baitoci huɗu, ina fama da jimlar da take fara da karɓau, aikatau ya biyo, aikau ya zo ƙarshe, har na riƙa manna takardu a bangon madafa ina bita ina tuƙa tuwo. Wata uku na yi a kai. Ranar ɗaukar sauti, jagoranmu ya ce muryata ta yi zaƙi, ba ta da ƙarfin mayaƙa, ya miƙa baitocina ga wani wanda ko bambancin sautin q da na Q bai iya ba, ni kuma aka bar ni ina maimaita kalma ɗaya a bayansu. Da aka saki waƙar babu sunana ko a ƙasa. Na yi shiru a lokacin, shirun nan kuwa shi ya fi ci mini rai har yau. Ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma ya turo saƙo yana neman wasu baitocin.

Maganar maƙogwaro ba ta da tushe. Idan kin yi Islamiyya kin riga su nisa: q tana kusa da ƙaf ɗin Larabci, H kamar kha take, gh kamar gain, alamar ' kuwa ita ce tsayawar da muke yi a tsakiyar kalmar sa'a. Sanin mafurci ake bukata, ihu sai dai ya disashe miki murya. Abin da ya wahalar da ni shi ne tlh, sai da na koyi sakin iska ta gefen harshe a gaban madubi. Ki riƙa shan ruwan ɗumi kafin bita.

Kuma ki nemi Jen Usellis ta Shikago ki saurara, mace ce da ta yi suna da rera waƙoƙin zamani cikin Kilingon. Wasan waƙe na farko da aka yi gaba ɗayansa da harshen, a birnin Heg na Holan a 2010, mace ce ta fito a matsayin Lukara, jarumar labarin, ta rera waƙoƙinta a ciki. Mu da muka tashi muna jin Barmani Choge tana jan waƙa, ƙwarya tana amsawa, wa zai ce mana mace ba ta da ƙarfin murya?

Kada ki tura wa kowa baitinki sai kin ɗauki muryarki kina rera shi kin ajiye da kwanan wata. Duolingo kuma ba zai ishe ki ba, ki duba darussan cibiyar harshen Kilingon (KLI) da aka kafa a 1992, musamman kan ɗafa-ƙeyar aikatau masu aji tara. Idan kin gama baitin farko ki turo mini, ni zan yi miki amshi.